Kunnen Doki a Garwa

Ni mai awo ne a ma'aunar auduga ta Garwa,
shekara sha tara ina gadin allurar sikeli.
Ban taɓa ganin buhu biyu sun zo daidai ba,
in dai mai dubawa ya yi haƙuri.

Sai ga ƙanena Ɗalhatu, direban tirela a Amurka,
ya aiko da murya, iska na kaɗa maganarsa:
"Yaya, mun ci goma, an ci mu shida,
su ma goma, su ma shida,
kujera ɗaya ta rage mana a motar sili-ɗaya-ƙwale."

Ƙwallon nasu ma ba ta zagaye ba,
gwanda ce mai tsini kai da gindi,
a rungume ake gudu da ita,
ƙarti cikin kwalkwali suna karo kamar raguna.
Wannan ban iya ba.
Lissafi kuwa, ai gida aka zo.

Na juya bayan rasit, na lashi bakin fensir.
Na ce karanto.

Ya ce a fara da gaba-da-gaba:
mun kayar da su a gida, sun rama a nasu.
To a duba rukuni, maƙwabtan da kuka saba wa juna,
nan ma uku da biyu, uku da biyu.
A kirawo waɗanda kuka kara da su ku duka,
a tambaye su hannun wa ya fi zafi,
sannan a ƙirga na shiyya baki ɗaya.
Fensir ya gajarce, shayi ya huce,
allura na tsaye kamar an kafa mata ƙusa.

"Saura me?" Ya yi dariya har da tari.
"Saura nauyin waɗanda ka kayar.
Wasu masu koriyar riga da muka lallasa da kaka,
daren nan su muke yi wa addu'a.
In sun ci, nasararmu ta ƙara kilo,
in sun faɗi, ashe iska muka doka."

Na ajiye fensir.
Wato wanda ka taka jiya,
yau ka roƙa masa ƙarfin ƙafa,
don da tsayinsa za a auna naka.

"In duk an zo daidai fa?"
"A bi maki, a bi wa ya fi kai ƙwallo gida,
in ya faskara, a jefa kwabo sama."

Kwabo!
Wata huɗu ana karya haƙarƙari,
a ƙare a abin da yara ke yi a bakin kasuwa.

Na so in yi tsaki, sai Hamajoda ya faɗo mini.
Tare muka zauna jarrabawar aikin nan,
makinmu ɗaya, shekarunmu ɗaya,
har takalmanmu na roba iri ɗaya.
Aka kira sunana. Ban tambayi dalili ba.
Yanzu yashi yake ɗiba a gaɓar Binuwai,
in mun haɗu shi ke fara gaisuwa.

Ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta a Rumde Ajiya.
Waya na numfashi da kashi huɗu.
Dija ta juya a gado, ta ce,
"Wa ya mutu ne kake ƙus-ƙus?"
Na ce babu kowa tukuna.

Saƙon ƙarshe: masu koriyar riga na baya da uku,
saura minti biyu, ƙwallo a hannunsu.
Fuskar waya ta yi baƙi.

Da safe Bobbo ya sauke buhu biyu daga amalanke,
ya ce tagwaye ne, gona ɗaya, hannu ɗaya.
Na ɗora na farko, na rubuta.
Na ɗora na biyu.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
Bobbo na kallona, ni ina kallonta,
rasit ɗin jiya na cikin aljihuna.